Saye Ne Ko Aro?

A ƙasar Kurfai kowa ya san bambancin saye da aro. Wanda ya sayi akuya a kasuwar Filinge, in ya so ya yanka, in ya so ya kyautar. Wanda aka ara wa gona kuwa ya san akwai ranar mayarwa. To, littafin na'ura ya zo da abu na uku: cinikin da sunansa saye, halinsa kuwa na aro.

Na'urorin karatu biyu suka fi shahara: Kindle, wadda kamfanin Amazon ya fitar a 2007, da Kobo ta kamfanin Rakuten. Kowace tana ɗaukar dubban littattafai, caji ɗaya ya kai makonni. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga malamin ƙauyen da babu lantarki. Kindle ɗaure take da kantin Amazon, Kobo kuwa tana buɗe littafin EPUB kai tsaye, ko daga ina ya fito. Amma a kantunan biyu, yawancin littattafan kulle suke da sunan mai saye: ba ya iya sayarwa, ba ya iya miƙa wa maƙwabci. A 2009 Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin waɗanda suka biya kuɗinsa, ya mayar musu da kuɗin. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Aron ɗakin karatu shi ya fi faɗin gaskiya, domin tun farko an yanka wa'adi. Sai dai ƙofarsa ƙarama ce. Aro ta hanyar OverDrive zuwa Kindle a Amurka kaɗai yake aiki. Na Kobo ya kai ƙasashe kaɗan, kuma sai da katin ɗakin karatun da ya biya kuɗin shiga. Su ma ɗakunan an ɗaure musu hannu: a 2011 kamfanin HarperCollins ya ƙayyade aro 26 ga kowane kofi, daga nan sai a sake biya.

Mu dubi habbanaye na maƙwabtanmu Fulani: a ara wa mutum saniya, ta haihu, ya riƙe maruƙa, ya mayar da uwa. Haka almajiri yake aron littafin malaminsa, ya kwafa da tawada, ya mayar. Aro na mutunci shi ne wanda yake barin iri a hannun mai aro.

Saboda haka, ƙungiyar da za ta sayi na'ura don makaranta, kada ta tsaya ga hasken fuska da farashi. Ta tambaya: shin tana karɓar littattafan da ba a kulle ba, irin na Project Gutenberg da labaran Hausa na African Storybook? Shin abin da malami ya karanta yau, ɗalibinsa zai iya gadonsa gobe?