Shin Mantuwa Rahama Ce?

Ga tambaya: da za a shafe mana tunanin duk wahalar da ta wuce domin mu huta, za mu yarda?

A shekarar 1993 wata marubuciya 'yar Amurka, Lois Lowry, ta wallafa ƙagaggen labari don matasa mai suna The Giver. A cikinsa wata al'umma ta kawar da yunwa da yaƙi ta hanyar mai da kowa iri ɗaya. Dattawa ke zaɓa wa mutum sana'a da abokin aure, tarihin baya kuwa an ɗora wa mutum ɗaya tak. Da aka zaɓi Jonas, yaro ɗan shekara 12, ya gaji wannan kaya, sai ya gane cewa mutanensa ba su san baƙin ciki ba, ba su kuma san ƙauna ba, har suna kashe raunanan jarirai ba tare da jin laifi ba.

Mu a Gidan Amumune da sauran ƙasar Mayahi da Tasawa, iyayenmu wata hanya suka bi. Sun raɗa wa yunwa suna don kada a manta da ita: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da El Buhari ta 1984, shekarar da Nijeriya ta rufe iyakarta. Wannan tunawa ce ke hana manomi sayar da damin ƙarshe na rumbunsa. A 2005, sa'ad da cibiyoyin kula da tamowa a Maraɗi suka cika da yara, shugaban ƙasa na lokacin, Mamadu Tanja, ya ce babu yunwa. Wanda ya ga El Buhari bai rasa abin da zai auna wannan magana da shi ba.

Alƙur'ani ma ya ba mu labarin Adawa da Samudawa da Fir'auna domin izina. Allah ya ba ɗan Adam zaɓi, kuma a kansa zai yi masa hisabi. Wanda aka raba da sanin jiya ba ya iya zaɓe, sai dai ya bi yarima a sha kiɗa, ko da ɓarna ake yi. Saboda haka hutun da mantuwa ke kawowa 'yancinmu ne kuɗinsa.

Mu zaunar da 'ya'yanmu gaban tsofaffi tun suna raye, su ji labarin shekarun yunwa da yadda aka tsira. Allah ya sa mu dace, amin.