Dutsen Na Kowa Ne, To Ruwan Fa?

Duk wanda ya sauka a birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka, abin da zai fara cika masa ido shi ne wani jan dutse a tsakiyar gari mai siffar raƙumi a gurfane, ga kai ga tozo. Camelback ake ce masa, tsayinsa ya doshi mita 825. Gidajen masu hannu da shuni sun kewaye gindinsa suna ta rarrafawa sama, sai kuma a wani wuri suka tsaya cak kamar an ja musu layi. To, layin aka ja musu. A shekarun 1960 masu harkar filaye sun ɗaura aniyar kai gini har ƙololuwa, mutanen gari suka ce ba da su ba. Wanda ya ja ragamar tara kuɗin sayen saman dutsen a 1965 shi ne Barry Goldwater, ɗan siyasar da ya sha ƙasa a takarar shugaban ƙasa ta 1964, mutumin da ya yi suna wajen kare haƙƙin mai dukiya a kan dukiyarsa. Ko shi ya yarda akwai abin da bai kamata a yanka a sayar ba. Zuwa 1968 saman dutsen ya zama na jama'a.

Maƙwabciyar Finiks, wato Scottsdale, ta fi haka zurfi. A 1995 mazaunanta suka jefa ƙuri'a suka ƙara wa kansu harajin saye da sayarwa don a riƙa sayen hamada ana barinta yadda Allah ya halicce ta, suka sake ƙarawa a 2004. Abin da kuɗin ya saya shi ne gandun McDowell Sonoran, eka fiye da 30,000, kusan rubu'in faɗin garin, da hanyoyin ƙafa da suka haura kilomita 350. Shiga kyauta ne. Da sassafe a lokacin sanyi za a ga tsofaffi da sandunansu, da masu keke, da masu doki, suna ratsawa tsakanin saguaro, doguwar shukar nan mai ƙaya wadda ba ta fitowa ko'ina a duniya sai a hamadar Sonora. Takan shekara hamsin ko fiye kafin ta fitar da reshe na farko, takan kuma wuce shekara 150 a tsaye. Dokar garin ta hana a cire ta ba izini, ko da a filin mutum take, har masu gini kan ɗaura mata alama su ɗage ta da mota su sake dasawa.

Sai dai kasuwa ba ta barci. Tunda doka ta ce ba za a taɓa gini a cikin gandun ba, gidan da ke bakin iyakarsa ya sami abin da kuɗi ba ya iya ginawa: tabbacin cewa babu mai tare maka gaba har abada. Dillalai sun san haka, shi ya sa suke sa shi a kan gaba a tallarsu. A unguwar Silverleaf, wadda ta jingina da duwatsun McDowell, an sayar da gida ɗaya a 2022 kan fiye da dala miliyan 28. A Paradise Valley, ƙaramin garin da ke bayan Camelback inda akasarin filaye ba sa gaza eka guda, gidan dala miliyan 3 ba abin ɗaga ido ba ne. A 2021, lokacin da mutane suka yi ta kwararowa daga Kalifoniya da kuɗin gidajen da suka sayar a can, farashin gidaje a yankin Finiks ya tashi da fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara guda. Kuɗin ruwan bankuna da ya hau daga 2022 ya sanyaya gwiwar mai neman rance, amma mai sayen gidan miliyan goma sau da yawa kuɗi a hannu yake biya, ruwan banki bai cika damunsa ba.

Ga inda tambayar take. Harajin da ya sayi gandun kowa ya biya shi, har da mai goge-goge da ta sayi sabulu a kanti a garin. Amfanin da ya fi tsoka kuwa, wato ƙarin darajar gida, ya tafi ga 'yan tsirarun da ke iya zama a bakinsa. Shin abin da aka keɓe wa kowa ya zama na kowa don kawai ba a karɓar kuɗi a ƙofa?

Musulunci ya san irin wannan keɓe fili tun farko, hima ake kiransa. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakan Musulmi, Sayyadina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin lura shi ne umarnin da Umar ya ba mai gadin wurin, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya yi hattara da garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Hujjarsa ita ce su waɗannan in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar halifa. Wato Umar bai ɗauka cewa buɗe ƙofa daidai wa daida shi ne adalci ba. Ya san in aka bar fili ga kowa ba tare da an karkata shi ga mai rauni ba, mai babban garke ne zai cinye ciyawar. Da wannan ma'aunin, gandun Scottsdale aikin alheri ne na gaske, amma rabin aikin Umar ne. An hana gini, ba a tambayi wa zai ci moriya ba.

Batun dutse ma da sauƙi, don kallo ba ya ƙarewa. Ruwa shi ne ke ƙarewa.

A arewa maso gabashin Scottsdale, daf da wannan gandu, akwai wata unguwa da ake kira Rio Verde Foothills. Ba ta cikin iyakar garin. Gidaje ne masu faɗi a kan hanyoyin ƙasa, wasu da garken dawaki, da yawansu sun haura dala rabin miliyan. Wasu suna da rijiyar burtsatse, amma ɗaruruwa ba su da komai sai babban tanki a binne a tsakar gida. A da, motocin tanka ke zuwa wani famfo na Scottsdale su cika su kawo musu, aikin 'yan garuwa ke nan sak, illa dai da mota maimakon kura. Shekaru ana haka. Da fari ya tsananta a kogin Kolorado, inda Scottsdale ke samun kusan kashi biyu cikin uku na ruwanta, gwamnatin tarayya ta rage wa Arizona kaso. Garin ya sanar cewa ruwansa na mazaunansa ne, kuma ranar 1 ga Janairun 2023 ya rufe wa tankokin famfo. Magajin garin na lokacin, David Ortega, ya kafe cewa batun ruwa ba batun tausayi ba ne. Masu tanka suka koma ɗebowa daga nesa, kuɗin ruwan wata ya ninka kusan sau uku. Mutanen da ke da gidan alfarma suka koma tarar ruwan sama a bokiti don zuba wa masai, suna cin abinci a farantin takarda don kada a yi wanke-wanke, suna kai wanki gidan abokai a cikin gari. Sun kai ƙara, alƙali ya ƙi tilasta wa garin.

Abin da zai fara zuwa bakin Musulmi shi ne hadisin da Abu Dawud ya ruwaito mai nuna cewa ruwa da ciyawa da wuta tarayya ce tsakanin mutane, da kuma gargaɗi mai tsanani ga mutumin da ke da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi. Amma malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba. Sun bambanta ruwan kogi, wanda ba shi da mai shi, da ruwan rijiya, da ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a tulunsa, wanda ya zama mallakarsa yana iya sayarwa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ilimi ke karantawa a zaurukanmu, ta fayyace matsayin Malikiyya: rijiyar daji ta shayar da dabbobi, masu ita ne farko, in sun gama kowa ya sha. Wanda kuwa rijiya ke cikin filinsa yana da ikon hanawa, sai fa in rijiyar maƙwabcinsa ta rushe alhali yana da shukar da ake tsoron ta mutu, to a nan ba zai hana shi rarar ba, an dai yi saɓani ko zai biya kuɗi.

In aka aza Scottsdale a wannan sikeli, ba ta fito azzaluma kai tsaye ba. Ruwanta ba daga sama ya faɗo mata ba. Ta wata magudana mai tsawon kilomita 540 ake turo shi daga Kolorado, ana hawa da shi tudu da injuna, ana tacewa, kuma mazaunanta ke biyan kuɗin duk wannan. Ya fi kama da ruwan tulu. Su ma mutanen Rio Verde ba matafiyan da ƙishirwa ta rutsa da su a sahara ba ne. An daɗe ana yi musu kashedi, kuma da yawa sun zaɓi zama a wajen gari ne don gudun harajinsa da dokokinsa. Da aka kawo shawarar su kafa hukumar ruwa ta kansu, kansu ya rabu, hukumar gundumar Maricopa ta yi watsi da shirin a 2022.

Duk da haka akwai inda hujjar garin ke ɗingishi, wato a kan rara. Abin da unguwar ke sha bai kai kashi 1 cikin 100 na ruwan Scottsdale ba. Gari ne mai tafkunan wanka a bayan gidaje da filayen golf kore shar a tsakiyar hamada, a wurin da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 200 ba. Adalci ya sa a faɗi cewa akasarin filayen golf na arewacin garin ruwan da aka riga aka yi amfani da shi aka tace ake ba su. Amma mai wannan hali da wuya ya ce ba shi da rara. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne yana tsoron gobe, kuma yana tsoron in ya ci gaba da shayar da gidaje ɗari biyar za su zama dubu biyar. Tsoron nan ba na banza ba ne. Fiƙihu dai ya yarda a hana don kare bukatar kai, bai yarda a hana don hora maƙwabci ba, kuma a wannan rikici dalilan biyu sun cakuɗe.

Wanda ya fi cancantar a tuhuma bai ma bayyana a kotun ba. Tun 1980 dokar Arizona ta wajabta wa mai yanka filaye a yankin Finiks ya nuna yana da ruwan da zai kai shekara 100. Sai dai dokar ta shafi wanda ya raba fili gida shida ko fiye. Mai wayo sai ya raba biyar, wanda ya saya ya sake rabawa biyar, a haka unguwa guda ta tashi ba a tambayi kowa ruwa ba. An sayar wa mutane dutse da faɗuwar rana da shirun dare, an bar ruwan a hannun maƙwabcin da bai yi wa kowa alkawari ba. Shari'a ta hana cinikin garari, wanda ba a san ko abin da aka saya zai tabbata ba, kuma gida a hamada da ba a san ruwansa ba ya kusanci wannan ƙwarai, ko da mai saye ya sa hannu a takarda.

Yadda aka kashe wutar ma abin dubawa ne. Da Madina ta shiga ƙuncin ruwa, Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya mayar da ita waƙafi. A Arizona majalisa ce ta yi doka a Yunin 2023, Gwamna Katie Hobbs ta sa hannu, aka kafa wata hukuma ta wucin gadi. Kamfanin EPCOR ya samo ruwan, Scottsdale ta tace shi da kuɗi, a watan Oktoba tankoki suka dawo. Kowa ya fita da mutuncinsa, amma dokar ba ta taɓa ƙofar filaye biyar ɗin nan ba.

A bazarar 2023 ɗin ce kuma Finiks ta yi kwana 31 a jere zafi yana kai maki 43 ko fiye. Hukuma kan rufe hanyoyin hawa Camelback da rana a irin waɗannan ranaku don kada masu motsa jiki su faɗi. A ƙasa kuwa, gundumar Maricopa ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a 2023, kusan rabinsu marasa matsuguni. Labarin Rio Verde ya zagaya duniya saboda masu gidan alfarma ne suka rasa ruwa. Waɗannan da suka mutu a bakin titi su ne ainihin masu ƙishirwar da hadisin ke magana a kansu, kuma coci-coci da ƙungiyoyin agaji ne ke raba wa ire-irensu ruwan gora.

Ita kanta Scottsdale a ƙarshen famfon wani take. Dokar ruwa ta yammacin Amurka tana fifita wanda ya riga fara amfani, kuma kafin majalisar tarayya ta amince a gina magudanar a 1968, sai da Arizona ta yarda cewa in ruwa ya gaza, kasonta na magudanar za a fara yankewa kafin a taɓa na Kalifoniya. Shi ya sa a 2023 aka zabtare mata kashi 21 cikin 100 na rabonta, Kalifoniya kuwa ba a tilasta mata rage ko ɗigo ba. A Yunin shekarar jihar ta daina ba sabbin unguwannin da za su dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa takardar shaidar ruwa a yankin Finiks. Ƙa'idojin rabon kogin da jihohi bakwai ke bi tun 2007 kuwa wa'adinsu ƙarshen 2026 ne, kuma hujjar da Arizona ke kaiwa teburin tattaunawa, cewa bai dace a ɗora wa na ƙarshen layi dukan asara ba, ita ce wadda mutanen Rio Verde suka kawo wa Scottsdale ta ƙi saurara.