Zaton Baƙo a Garin da Kowa Ke Murmushi

Akwai wani labari da marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ba sa gajiya da sake masa riga. Kumbo ya sauka a wata duniya mai nisa, matafiya suka fito, suka tarar da tungar 'yan Adam inda babu mai yunwa, babu mai ciwo, babu mai ɗaure fuska. Aka tarbe su da kiɗa, aka ba su masauki. Wanda ya saba da irin waɗannan labarai tun daga nan ya san akwai lauje cikin naɗi, amma saninsa na arha ne, domin a kujerarsa yake zaune, bai sha ruwan mutanen ba. Matafiyan su ne ke cikin tsaka mai wuya. An karrama su, kuma duk wanda aka yi wa tarbiyya irin tamu ya san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ya kuma ji dattawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Tambayar da nake son bi ita ce: a wane mataki ne ya halatta baƙo ya fara zargin mai masaukinsa, kuma a wane mataki ne rashin zargin yake zama laifi?

Misalin da ya fi bayyana mini wannan shi ne wani labari mai kashi huɗu na shirin Doctor Who na Birtaniya, mai suna The Macra Terror, wanda Ian Stuart Black ya rubuta, BBC ta nuna daga 11 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu, 1967. Asalin faifan hotonsa ya salwanta, amma muryoyin sun tsira, sai a 2019 aka sake gina shi da zane mai motsi. Matafiya huɗu ne: Dakta, da wani matuƙin jirgin ruwa Ben, da wata budurwa Polly, da Jamie, saurayi ɗan tsaunukan Sukotlan na ƙarni na 18. Tungar da suka sauka an tsara ta kamar sansanonin hutu na Ingila na wancan zamani: ganguna, 'yan mata masu fareti, waƙoƙin da ke kiran mutane zuwa aiki, da wani sashe na musamman da ake yi wa baƙo tausa da gyaran gashi. Shugaban tungar ba a ganinsa, sai hotonsa a kan allo da muryarsa mai amo.

Abin da ya kamata a lura da shi ya faru tun kafin su shiga ƙofa. Wani mutum mai suna Medok ya taho a guje, jami'an tsaro na bin sa, ya yi karo da baƙin. Ben da Jamie suka danne shi, aka miƙa shi ga shugaban 'yan sanda, aka yi musu godiya. Aikin farko da baƙin suka yi a garin ke nan: sun kama mutum ɗaya tilo da ke faɗin gaskiya, sun damƙa shi ga masu son rufe masa baki. Kuma ban ga yadda za a zarge su ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Ya ga mai gudu, ya ga masu kaki, sai ya yi abin da mutumin kirki zai yi a garinsu.

Laifin Medok shi ne ya ce yana ganin wasu halittu masu kama da manyan ƙaguwa suna yawo a tungar da dare. Ba a yi musu da shi ba, ba a ce ya zo ya nuna wurin ba. An ce ba shi da lafiya, za a kai shi asibiti a gyara masa tunani. A nan ne zaton Dakta ya tsiro, kuma a nan nake ganin amsar rabin tambayata take. Fara'ar mutanen ba ita ce hujjarsa ba. Wanda yake zargin mutane don kawai ya gan su cikin walwala, ciwon a zuciyarsa yake. Irinsa ne in ya ga ma'aurata na dariya sai ya ce ai ba za a daɗe ba. Hujjar Dakta ita ce yadda masu fara'ar suka yi da wanda ya daina fara'a. Gari mai farin ciki na gaske yana iya ɗaukar mutum guda mai ƙorafi. A yi masa dariya, ko a rarrashe shi, ko a bi shi a duba. Garin da magana ɗaya ke tayar wa hankali har a kira 'yan sanda ya tona kansa da kansa, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sau da yawa muna ɗauko maganar zato mu yi mata faɗin da ba nata ba. Ayar da ake jingina ta da ita, ta 12 a Suratul Hujurat, ta yi hani ne ga yawan zato, ta kuma ɗora zunubin a kan wani sashe nasa, wanda ke nuna akwai sashen da ba zunubi ba. Aya ta 6 a surar kuma ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Gaskiya ne ayar ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma Dakta ya yi abin da ya yi kama da haka, domin ya saki Medok daga inda aka tsare shi, ya kuma fita cikin dare duk da dokar hana fita, har ya ga halittun da idonsa. Sai dai malamai sun daɗe da bambanta tonon sililin mutum a kan abin da ya shafe shi shi kaɗai da ceton wanda ake shirin halakawa. Al-Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya yarje wa mai hisba ya bincika idan amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Sirrin da ake kiyayewa na mai rauni ne. Idan mai ƙarfi ya lulluɓa da shi don ya danne wani, ya fita daga wannan kariya.

Inda labarin ya fi zurfi a wurina shi ne yadda zaton bai tsiro daidai a zukatan baƙin ba. Da suka kwanta barci, aka sako musu wata murya mai laushi daga bango tana cusa musu biyayya, tana nanata musu cewa halittun nan babu su. Jamie ya kasa barci, ya ji muryar ya ƙi ta. Dakta ya tashi Polly, ya lalata wayoyin. Ben kuwa ya farka ya zama ɗan gari, ya je ya kai ƙarar Dakta wurin 'yan sanda. Daga baya ɗaya daga cikin halittun ta kama Polly, Ben ya yi kokawa da ita ya ƙwace abokiyar tafiyarsa, amma da aka tsayar da shi gaban hukuma sai ya ce bai ga komai ba. Jikinsa ya san gaskiya har ya yi faɗa dominta, harshensa ya musanta. Daga wannan lokaci baƙin ba garin kaɗai suke zargi ba, suna zargin junansu. Jamie na kallon Ben a matsayin maci amana, shi kuma Ben na kallon su a matsayin marasa godiya da ke neman ɓata wurin da aka karrama su.

Ina ganin kuskure ne a sallami Ben da cewa ai sihirin na'ura ne ya kama shi. Na'urar ta taƙaita ne kawai abin da ke faruwa da mutane a hankali. A kowace tawaga da ta je duba makaranta, ko gidan marayu, ko sansanin 'yan gudun hijira, akwai wanda zai ce wa mai yawan tambaya: haba, mutanen nan sun yi ƙoƙari, kada mu zama butulu. Kuma ba mugu ba ne. Kunya ce, da nauyin abincin da ya ci, da gajiya, da son a rabu lafiya. Karramawa bashi ce, mai ba da ita da mugun nufi ya san haka, shi ya sa yake cika kwano. Mai zato a cikin tawaga yakan rasa abokansa kafin ya rasa mai masauki, wannan ne farashin da ba a cika faɗa ba. Gaskiyar da ke ƙarƙashin tungar, da ta fito, mai muni ce: iskar gas ɗin da mutanen ke haƙowa suna waƙa guba ce a gare su, abinci ce ga halittun, shugaban da ke kan allo kuwa wani tsoho ne rarrauna da ke hannunsu. Medok bai ga ƙarshen abin ba, a ramin haƙar ya mutu.

Da a ce duk labaran haka suke ƙarewa, da sai a ce mai zato kullum shi ke da gaskiya, wanda kuwa darasi ne mai haɗari. Kwana tara kafin a fara nuna wancan labari, a ranar 2 ga Maris, 1967, shirin Star Trek na Amurka ya nuna wani kashi mai suna This Side of Paradise. Kyaftin Kirk da mutanensa sun je wata tungar manoma da suke zaton kowa ya mutu saboda wani haske mai kisa da ke sauka a duniyar, sai suka tarar da su garau. Zato ya fara daga ƙananan abubuwa: gona ba dabba ko ɗaya, likita ya duba shugaban tungar ya ga har abin da aka taɓa cire masa da tiyata ya dawo. Sirrin wata ƙurar fure ce da ke ba da lafiya da natsuwa. Babu dodo a ƙarƙashin ƙasa, babu Medok a kurkuku. Duk da haka Kirk ya rusa abin, bisa hujjar cewa ɗan Adam an yi shi ne don fafutika. Akwai abin da ke goyon bayansa, domin ƙurar ba ta neman izinin kowa kafin ta kama shi, kuma shugaban tungar da ya farfaɗo ya yi baƙin cikin shekarun da suka wuce ba su gina komai ba. Amma Spock, mataimakin Kirk, wanda bai taɓa sanin farin ciki ba sai a wurin, an fizge shi daga ciki ta hanyar zagi da tsokana. Ni dai ban gamsu cewa Kirk ya tambayi kowa ba shi ma. Zatonsa ya gano gaskiya, amma gano gaskiya bai ba shi ikon yanke wa mutane irin rayuwar da ta dace da su ba.

Ray Bradbury kuma ya nuna wata fuskar a gajeren labarinsa Mars Is Heaven! na 1948. 'Yan sama-jannati sun sauka a Mars sun tarar da garin ƙuruciyarsu, da iyayensu da kakanninsu da suka rasu suna jiran su a ƙofar gida. Kyaftin ɗin bai fara tunani ba sai da dare, yana kwance kusa da ɗan'uwansa mamaci, kuma tunanin bai cece shi ba. Tarkon da aka saƙa da begen mutum shi ne mafi wuyar zargi, don wanda zai zarga ba mai masauki ba ne, zuciyarsa ce.

Za a iya cewa duk wannan tatsuniya ce ta masu kumbo. To, a ranar 23 ga Yuni, 1944, wani matashin likita ɗan Suwizalan, Maurice Rossel, ya ziyarci Theresienstadt a madadin ƙungiyar Red Cross ta duniya, tare da jami'ai biyu na ƙasar Denmak. Wuri ne a ƙasar Cek ta yau inda 'yan Nazi suka tsare Yahudawa. An yi watanni ana shirya wa ziyarar: aka yi fenti, aka shuka furanni, aka gyara shaguna da filin wasan yara, aka tanadi kiɗa. Don kada a ga cunkoso, a watan Mayu an kwashe mutane kimanin 7,500 zuwa Auschwitz. Baƙin sun bi hanyar da aka zana musu, jami'an SS na biye da su, sun yi 'yan sa'o'i sun tafi. Rossel ya rubuta rahoto mai kyau, ya kwatanta wurin da gari mai rayuwa kusan irin ta kowa.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma karin maganar tana aiki ne inda fuska ke da 'yanci. A Theresienstadt duk wanda ya san gaskiya ya san abin da zai same shi da iyalinsa in ya ɗaure fuska a gaban baƙo. Babu Medok da zai taho a guje, domin an riga an loda irinsa a jirgin ƙasa. Saboda haka ma'aunin da na ɗauko daga labarin farko, wato a dubi yadda ake yi da mai ƙorafi, yana buƙatar ƙari: idan baƙo ya zagaya wurin da aka tsare dubban mutane bai ji ƙorafi ko ɗaya ba, shirun kansa shi ne shaidar. Wanda aka aiko don ya duba kuwa ba baƙo ne irin na zaure ba, da za a ce ya ci ya yi godiya ya tafi. Amanar da ke wuyansa ta waɗanda ba za su iya magana ba ce, kuma ladabinsa ga mai masauki da kuɗinsu ake biyan sa. Bai buƙaci ya zargi kowa a fili ba. Ya isa ya nemi a buɗe ƙofar da ba ta cikin tsarin ziyara, ko ya nemi ganawa da mutum guda ba tare da mai rakiya ba, in an hana shi ya rubuta cewa an hana shi.

A 1979 mai shirya fina-finai Claude Lanzmann ya zauna da Rossel ya yi masa tambayoyi, hirar da ta fito a matsayin fim a 1997. Bayan shekara 35, likitan ya tsaya a kan rahotonsa, har yana ɗora wa fursunonin alhakin rashin yi masa wata alama. Su kuwa waɗanda suka yi masa murmushi a ranar, tsakanin ƙarshen Satumba da ƙarshen Oktoban 1944 an kwashi kimanin 18,000 daga cikin mazauna wurin zuwa Auschwitz, har da yawancin yaran da aka tanada don nishaɗantar da baƙi.