Shin hukuma na da ikon tilasta wa mai fegi dasa itace?

Garuruwa irin su Tozai, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, kusan hanya guda suke bi wajen faɗaɗa: a yanka gonar bakin gari fegi-fegi, a sare gawon da ke cikinta, kowa ya ja katanga har kan turken iyakarsa. Duk ranar da hukuma ta ce ba izinin gini sai mutum ya bar tazara a ƙofar gida ya dasa itace, tambayar da za ta fara tasowa ta addini ce: filin da na saya da halalina, wa ya isa ya gindaya mini sharaɗi a kansa? A ganina hukuma tana da wannan iko, amma iyakarsa kawar da cuta, ba ƙawata gari ba.

Fiƙihun Malikiyya bai taɓa ɗaukar mallaka a matsayin lasisin cutar da maƙwabci ba. Ibn Rami, wani magini a Tunis cikin ƙarni na 14, ya tara hukunce-hukuncen alƙalai a kan hayaƙin tanderu, da warin majema, da indararon da ke zuba gidan wani, da tagar da ke leƙen tsakar gidan maƙwabta, kuma mai gida a cikin mulkinsa yake, amma aka taka masa burki. A nan gida, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hurumi a littafinsa Ta'alimur Radi, wato filin da gari ko rijiya ke buƙata, wanda ba a yarda wani ya killace shi ba. Dokar filaye ta 1978, wadda ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna, baƙuwa ce idan aka gwada ta da wannan.

To, rashin itace cuta ce? Gida ɗaya ba ya cutar da kowa. Gida ɗari biyar da suka yi haka tare suna haifar da unguwar da a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, tsoho ba shi da inuwar da zai tsaya tsakanin gida da masallaci, guguwar farkon damina tana yaye kwano, yashi yana cike lungu. Cutar da jama'a suka haɗu suka yi, ba wanda alƙali zai kama shi kaɗai, shi ya sa sai doka. Amfanin kuwa ba hasashe ba ne: a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, tsallaken iyaka, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, gero ya ƙara kyau a bayansu.

Wani malami zai ce dasa itace mustahabbi ne, hadisi ya yi wa mai shi albishir da ladan sadaka duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, don haka mayar da shi dole ƙari ne a kan Shari'a. Maganar tana da nauyi, amma ta haɗa abu biyu. Lada yana tsakanin bawa da Ubangijinsa, ya rataya a kan niyya, hukuma ba ruwanta da shi. Abin da take nema tsare maslaha ne, kuma shugaba yana iya taƙaita halal saboda ita, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe makiyayar Rabaza domin dabbobin zakka.

Sukar da ta fi ƙarfi ta talaka ce. Dashe a wannan ƙasa aiki ne: a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a yi masa ban ruwa duk rani, alhali ruwan sha ma jarka-jarka ake saye wurin 'yan ga-ruwa. Ga kuma tsoron kada dokar ta zama wata ƙofar karɓar na goro. Nijar ta ga wannan da idonta. A lokacin da itace yake na gwamnati, jami'in gandun daji yana cin tarar mai gona in ya sassabe reshe, manoma tumɓuke toho suke yi tun yana ƙarami. Bayan farin 1984, da sassabin zamani, wato barin toho ya girma a gona, ya bazu daga yankin Maraɗi, aka kuma sakar wa manomi ikon itacensa, sai gonaki kimanin hekta miliyan 5 suka sake yin itatuwa a kudancin ƙasar.

Don haka dokar da za ta halatta a Tozai ita ce wadda ta tsaya kan inuwa, tare iska da hanyar ruwa, ba ciyawar ado da furanni masu shan ruwan da mutane ke nema ba. Wanda ya tarar da gawo ko aduwa a fegensa ya bar shi, a lissafa masa ya cika sharaɗi. Itacen na mai gida ne, ganye da reshe. Sakkwato tana cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ke aiki a cikinsu, saboda haka irin dashe haƙƙin gwamnati ne ta kawo, ta kuma fara da harabar makarantunta da asibiti da kasuwa kafin ta aika ma'aikaci ƙofar gidan kowa.