Haƙurin Gawo da Haƙurin Ɗan Adam

Ina yaro, a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, na taɓa bin kakana gona a ƙarshen bazara, sa'ad da rairayi ke gasa tafin ƙafa tun hantsi, sama kuwa fari fat ba ko ɗigon girgije. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye da ƙoƙon iri ina jefa ƙwayar gero a rami ina turbuɗewa da diddige. Wannan shi ne binne, watau shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ranar da ya sauka iri ya riga na kowa tashi. Da gajiya ta kama ni sai na ce, "Kaka, in ruwan bai zo ba fa, ko ya zo ɗan yayyafi ya ruɓar da irin?" Bai ko waiwayo ba ya ce, "Kai dai zuba naka, ka bar Mai sama da Nasa." Na daɗe ina zaton hanya ce kawai ta rufe bakin yaro mai surutu, sai da na durƙusa gaban malamai na gane ashe tsohon ya dunƙule mas'alar da ta cika littattafai, wato iyakar da ke tsakanin tawakkali da riƙon sababi, da tambayar da ke biye da ita: idan shekara ta ɓaci, mene ne ƙaddara tsantsa wadda sai sallamawa, mene ne kuma abin da za a tsayar da mu a tambaye mu a kansa?

Babu inda wannan tambaya ta fi dacewa da a yi ta kamar ƙasar Lautai, wadda ta haɗa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin ƙasa ce ta jigawa da rairayi, ba ta da wani babban kogi da za a jingina da shi, daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a matsakaiciyar shekara kuma bai cika haura milimita 600 ba. Saboda haka duk mai rai da ya zauna a nan, tsiro ne ko dabba ko mutum, wajibi ne ya zo da amsar jarrabawa guda: yaya za a ƙetare wata takwas na rani, da hunturunsa mai fasa leɓe da bazararsa mai ƙafar da rijiya, har a kai ga wata daminar?

Amsar gawo ita ce mafi ban mamaki. Sauran itatuwa, irin su kuka, sukan kakkaɓe ganye da rani su yi tsirara, sai hadari ya fara haɗuwa su tofo. Shi kuwa gawo da zarar ruwa ya sauka sai ya zubar da nasa ya tsaya kamar busasshe, har kakana kan yi masa zambo ya ce butulu ne, ya ƙi ruwan Allah, alhali kuwa bai ƙi ba, saiwarsa ce ta nutsa can ƙasa inda ruwan shekarun baya ya kwanta, shi ya sa ba shi da gaggawar na bana. Sai kaka ta wuce, duniya ta yi fari, sannan ya yi kore shar, ya ba makiyayi inuwa, ya zubo wa awaki da tumaki lanƙwasassun 'ya'yansa a daidai lokacin da harawa ta ƙare. Ganyen da ya zubar da farkon damina ya zama taki, kashin dabbobin da suka sha inuwarsa ya ƙaru a kai, ga shi bai tare wa shuka rana ba. Don haka kowane manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta sarari kauri.

Wanda ya shiga karar Maigatari ranar Alhamis, inda Buzaye da Fulani da fatake daga Damagaram da sauran sassan Nijar ke haɗuwa da dillalan Nijeriya, zai ga amsa ta biyu tana durƙushe tana tuƙa. Raƙumi bai ɓoye ruwa a tozo ba kamar yadda yara ke zato. Kitse ne aka tara masa wuri guda don kada ya lulluɓe jiki ya riƙe zafi. Wani masanin halittu ɗan asalin Norway, Knut Schmidt-Nielsen, ya auna raƙuma a saharar Aljeriya wajen 1954, ya tarar cewa wanda ke jin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa kusan digiri 34 da asuba, ya hau har ya wuce 40 da rana, don kada ya ɓarnatar da ruwa wajen gumi. Yakan rasa kusan rubu'in nauyinsa saboda ƙishirwa bai faɗi ba, in ya sami rijiya kuma ya mayar da abin da ya rasa a sha guda. Ba banza ba, a cikin Suratul Gashiya, raƙumi ne farkon abin da aka umarci mai hankali ya duba yadda aka halicce shi, tun kafin a ambaci sama da duwatsu da ƙasa.

Akwai kuma waɗanda amsarsu ita ce kwanciya, kamar gaiwar fadamar Haɗeja wadda, in ruwa ya janye, takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar ɗan hujin numfashi, ta yi watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Haka kwaɗin da ke cika kududdufi da kuka a daren ruwan farko, alhali jiya ba a san inda suke ba. Haka irin ƙarangiya da tafasa da ke jira cikin rairayi. Shamuwa kuwa ba ta tsaya gardama da rani ba sam: takan zo gab da damina ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari, mutane na murna da ganinta ba mai jifanta, in kaka ta yi ta kwashe 'ya'yanta ta bi ruwa kudu, har ƙasashen kudancin Afirka.

To, masana ilmin halitta sun ce waɗannan siffofi sun tabbata ne a hankali cikin zamuna masu tsawo, wanda jikinsa ya dace da ƙasar ya rayu ya haifa, wanda bai dace ba ya ƙare. Kuma ban ga dalilin da zai sa mai tauhidi ya firgita da bayanin yadda gawo ya sami saiwarsa ba, tun da malamanmu sun riga sun ba irin wannan bincike gurbinsa. Shehu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma ake karanta Ummul Barahina tasa a zaurukanmu har yau, ya raba hukunci uku: na hankali, da na shari'a, da na al'ada. Na al'ada shi ne haɗuwar abu da abu da muka sani ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, ko ruwa da tsiro, haɗuwar da Allah Ya gudanar kuma Yake da ikon saɓa ta. Wanda ya ce sababi ne ke aikatawa da kansa ya ɓata. Amma wanda ya ce tun da Allah ne Mai aikatawa babu amfanin sanin sababi, shi ma ya yi wa Mai tsara al'adar rashin ladabi. A kan wannan ma'auni ne manoman da ke lissafin taurari 28, kowane da kwana 13 in ban da Jabha mai 14, suke cewa Zira'a ta shiga ko Nasara ta fita: in sun ɗauke su alamar lokaci ba laifi, abin da hadisin Hudaibiyya ya hana shi ne a jingina wa tauraro saukar da ruwan.

Sai dai akwai abin da mai tadabburi bai kamata ya tsallake ba, shi ne cewa haƙurin gawo da na raƙumi ba su da lada kuma ba su da zunubi, domin ilhama ce aka gina su a kanta, ba su zaɓa ba. Kuma tsarin da ya fitar da su tsari ne mai tsada, wanda a cikinsa dubun iri ke mutuwa kafin ɗaya ya tsira, rarrauna ya faɗi ba mai waiwayarsa. Ɗan Adam bai sami tozo ba, bai sami saiwa mai nutso ba, fatarsa ba ta jure abin da ta jaki ke jurewa. Abin da aka ba shi a madadin duk wannan shi ne hankali, hankali kuwa shi ne sharaɗin taklifi. Ashe ke nan abin da ya zama ɗabi'a ga dabba, ga mutum aiki ne da aka ɗora masa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma mun cika manta cewa mai dafa dutse ba a zaune yake ba, itace yake turawa yana ƙara ruwa.

Kakanninmu sun fahimci wannan, sun kuma ari dabarar kowace halitta. Sun haɗa gero mai saurin nuna da dawa da wake a gona guda don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Sun ajiye damman hatsi a rumbu da zangarniyarsu, irin shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar. Sun san anza da yaɗiya da sauran abincin daji na ranar tsanani. Samari sun tafi cin rani kamar shamuwa su dawo da ruwan farko. Da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru ya ratsa Gagarawa wajen 1930 suka rungumi gyaɗa, da farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗar a 1975 suka karya ta, sai suka koma ga riɗi da zoɓo da kankana, waɗanda ke jure ƙarancin ruwa. Babu ɗaya daga cikin wannan da ya saɓa wa tawakkali. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce ko gudun ƙaddara yake yi, da misalin makiyayi ya ba da amsa: mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora, amma wane mai hankali ne zai zaɓi ƙeƙasasshen?

A nan ne nake ganin ya wajaba mu rarrabe kalmomi biyu da bakinmu ya saba gwamawa, wato fari da yunwa. Fari ɗaukewar ruwa ne, ba mai hannu a cikinsa a ranar da ya zo. Yunwa kuwa sau da yawa sai ta bi ta hannun mutane kafin ta shiga gida. Ruwa ya ƙi a 1913, amma masu tarihi sun nuna cewa abin da ya ƙara wa yunwar Kakalaba ta 1914 muni har da harajin kuɗi da Turawa ba su sassauta ba, wanda ya sa talaka ya sayar da abin da ya kamata ya kwana a rumbu. Ruwa ya ƙi a 1984, amma rufe iyaka da aka yi a wannan shekara, wanda ya datse hanyar hatsi da dabbobi a garuruwa irin su Maigatari, shi ya sa mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. Haka mai sayen hatsi da kaka a wulaƙance ya kulle sai ya yi tsada, da mai ba da bashin buhu a biya biyu, da mai sare gawon gona ya sayar wa masu gidan burodi: duk wanda ya ce wa aikin waɗannan "haka Allah Ya so" don a yi shiru, ya faɗi gaskiya ya nufi ƙarya da ita. A shekarar toka, ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma kuma ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya kafa tukwane, ya haramta wa kansa mai har jama'a su samu.

Ko ita sallar roƙon ruwa, da muke fita da hantsi cikin tsofaffin tufafi, liman ya juya mayafinsa, malamai sun so a gabatar mata da tuba da sadaka da mayar wa mutane haƙƙoƙinsu, kamar ana ce mana kafin ku ɗaga hannu sama ku duba abin da hannun ya riƙe. Wannan ita ce dabarar da ba gawo ba raƙumi ba shamuwa da aka ba: zakka, da aron iri, da ɗan akuyar da ake ba gwauruwa ta kiwata, da kwanon da ke ƙetare katanga da magariba. Dokar daji ta yarda rarrauna ya faɗi. Mu an hana mu yarda.

Yanzu da damina ta ƙara rikicewa, wata shekara ta makara, wata ta zo da ambaliya ta rushe gidajen ƙasa, masana kuma suna danganta ɗumamar duniya da hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe, sai ya zama har abin da ke saukowa daga sama ma akwai tambayar da za a yi wa 'yan Adam a kansa, ko da yake ba talakan Gagarawa za a fara tambaya ba. Nasa rabon yana kusa da shi. Maƙwabtanmu na Magarya da Matamai da Mirya, tun bayan 1984, suka ɗauki abin da suke kira sassabin zamani, wato in ana sharar gona aka tarar da tohon gawo ko na kalgo a kututture, a rage masa rassa a bar shi ya tashi, har aka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo a kudancin Nijar da kadada miliyan 5; tun da can ma ana ba da labarin yadda sarakunan Damagaram suka tsananta hukunci a kan mai sare gawo. Ƙasarsu da tamu rairayi ɗaya ne, ruwa ɗaya.

A waccan shekara da na bi kakana, ruwa ya yi kwana tara bai zo ba, rana ta goma ya sauka da dare, rabin binnen ya tsira, rabi ɓeraye da zafi sun cinye. Da gari ya waye bai ce komai ba sai hamdala, ya ɗauko sungumi da ragowar irin da ya ɓoye a tulu tun kaka, muka koma muna cike gurabun. Da muka zo kan wani ɗan tohon gawo da bai kai tsawon kamu ba, na ɗaga ƙafa zan take, sai ya riƙe ni da ƙotar sungumi, ya kewaye shi ya ci gaba da sara.