Gigin Tsufa Da Hukuncinsa A Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ba Ya tsufa, ba Ya kuma mantuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako shi ne wata tambaya da wani magidanci ya kawo mini a zaure, bayan almajirai sun watse daga karatun dare. Mahaifiyarsa ta haura shekara 80, an kuwa san ta da yawan nafila da azumin Litinin da Alhamis. Yanzu sai ta yi sallar Azahar sau uku, ko kuwa ta sallame a raka'a ɗaya. Ta ci tuwo ta ce tun jiya ba wanda ya ba ta komi. Ta ɓoye kuɗinta ƙarƙashin tabarma ta manta, ta ce surukarta ce ta ɗauke. Da watan Azumi ya kama, aka iske ta tana shan fura da tsakar rana, ya daka mata tsawa, har ya kulle ta a ɗaki don kada maƙwabta su gani. Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, ina makomar Inna? Duk ibadar nan da ta yi, ashe da haka za ta cika?"

Na ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka game da makomar Inna. Taka makomar ce ta kamata mu duba."

Wannan hali da Hausawa ke kira gigin tsufa cuta ce da ke kama ƙwaƙwalwa, kamar yadda wata ke kama ƙoda ko hanta. Irin da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe mai suna Alzaima ya yi bayaninsa a 1906, aka kuma sa wa cutar sunansa. Wani irin kuwa yana biyo bayan toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ke faruwa ga masu hawan jini da waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da wannan larura, mafi yawansu kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Alƙur'ani mai girma ya riga ya ba mu labarinta a aya ta 70 cikin Suratun Nahli da aya ta 5 cikin Suratul Hajji, inda aka bayyana cewa akwai wanda ake ja masa kwana har sanin da ya tara ya kuɓuce masa. Imamu Buhari kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga kai wa ga wannan matsayi. Saboda haka jarrabawa ce, babu laifin mai ita a ciki.

To, mene ne hukunci? Hankali shi ne sharaɗin taklifi. Hadisin da Abu Dawuda da waɗansu suka ruwaito ya nuna mutum uku ne ba a rubuta musu laifi, watau mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Tsohon da ya kai ga bai san lokaci ba, bai san adadin raka'a ba, ya shiga sahun na ukun. Salla ta faɗi a kansa, azumi ya faɗi, ba a kuma ciyar masa, domin ciyarwar mudu guda kowace rana da malamanmu na Malikiyya suka so, ta tsohon da hankalinsa ke nan ce, jikinsa ne kurum ya gaza. In kuwa hankalin yana zuwa yana tafiya, to sallar da lokacinta ya same shi a farke ita zai yi, a taimake shi da alwala, a tuna masa a hankali. Wadda lokacinta ya fita yana cikin gigi babu ramuwa.

Amma zakka tana nan, domin a mazhabar Imamu Malik haƙƙi ce da ke rataye a kan dukiya, sai waliyyinsa ya fitar masa. Cinikinsa da kyautarsa da sakinsa ba su zartuwa in ya yi su cikin gigi. A nan nake jan kunnen 'ya'yan da ke kama hannun tsoho su dangwala a takarda, su ce ya ba su gona ko gida. Wannan cin dukiyar mai rauni ne, ko da alƙali bai gane ba Allah Ya gani.

Ku dubi yadda malaman hadisi suka bi da wannan al'amari. A cikin maruwaita akwai manya da suka ruɗe a ƙarshen rayuwarsu, abin da suke kira ihtilaɗi, kamar Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa da Sa'idu ɗan Abi Aruba na Basra. Ibnus Salah ya keɓe wa wannan babi guda a littafinsa na ilimin hadisi. Sun karɓi abin da aka ji daga gare su kafin ruɗewa, suka ajiye na bayanta, ba su kuwa kira su maƙaryata ba. Haka ya kamata mu auna iyayenmu. Uwar da ta ce surukarta ɓarauniya ce, magana ce ta bayan ruɗewa, ba a riƙe ta, ba a kuma kashe aure a kanta.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa in tsohuwa ta fita da dare ta ɓace, aka tsince ta a wata unguwa tana sambatu, tana kiran sunayen matattu. Sai jahilai su taru su ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Lalle wanda ya yi haka ya ɗauki alhaki mai nauyi, wanda kuma ya gani ya yi shiru yana da nasa kason.

Ayar da ta yi umarni da kyautata wa iyaye, ta 23 cikin Suratul Isra'i, ta ambaci tsufa da sunansa, ta kuma zo da kalmar Larabci mai nufin "a wurinka". Ma'ana, sun dawo hannunka kamar yadda ka taɓa zama a hannunsu. A daidai wannan hali ne aka hana ko da tsaki, balle tsawa, balle kulle ƙofa.

Abin yi kuwa a fili yake. A kai tsoho asibiti tun da wuri, domin ko da yake har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzaima ba, akwai ruɗewar da ke zuwa daga zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin waɗansu sinadarai a jiki, ita kuwa tana jin magani. A kula da hawan jini da ciwon sukari. Kada a yi gardama da shi, in ya tambaya sau goma a amsa sau goma. A kawar da wuta da wuƙa daga kusa da shi, a sa takarda mai sunan unguwa a aljihunsa, a kuma sanar da maƙwabta maimakon ɓoyewa. A riƙa karanta masa Alƙur'ani, gama sau da yawa abin da aka hardace tun yarinta shi ke daɗewa bai gushe ba. Sa'an nan kada a jibge wa mace ɗaya wannan ɗawainiya. Wajibi ne a kan 'ya'ya, abin da suruka ta yi kyautatawa ce da ta cancanci godiya.

Alhajin nan ya tashi yana share hawaye, ya ce zai je ya nemi gafarar Inna, ko da ba za ta tuna abin da ya yi mata ba. Na ce masa ya hanzarta, gama mala'ikun da ke rubutu ba su da gigi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya bar mu da hankalinmu har ranar cikawa, Ya sa mu cika da imani. Amin.