Ƙaryar Tausayi a Ɗakin Kati

A kowane asibiti akwai ɗakin da ba a tunawa da shi sai an ce a je a yanki kati. Can bayan taga, tsakanin tarin fayil-fayil, ma'aikacin adana bayanai ke mayar da rubutun likita lamba: zazzaɓin cizon sauron da ba a tantance nau'insa ba B54, taifot A01.0, haihuwa ta tiyata O82. Daga kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya ake ɗauko su, wanda magajinsa, ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022.

Ɗan Rano ko Kibiya mai sha'awar aikin ba sai ya yi nisa ba. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da makarantar wannan fanni, in ɗalibi ya gama kuma ya yi rajista da hukumar ƙasa mai kula da sana'ar, wadda aka kafa a 1989. A da ana yi wa aikin kallon gadin takardu. Amma tun da Kano ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, a 2016, rubutu ya zama kuɗi. Ƙaramin asibiti ana ba shi kason wata gwargwadon yawan mutanen da ke rajista da shi, babban asibiti kuwa sai ya aika takardar neman biya kan aikin da ya yi.

A nan tambayar take. A ɗauka an kawo tsohuwa daga Tarai ko Rurum, ciwonta ba ya cikin jerin abin da asusun hukumar ke biya. Ɗanta ya sayar da akuya, kuɗin bai kai ba. Ya leƙo taga, ya rage murya: "Malam, a taimaka, don Allah." Harafi ɗaya da lamba biyu ma'aikacin zai sauya, magani ya fito. Lada ya samu ko alhaki?

Masu cewa lada suna da abin faɗa: niyya kyakkyawa ce, ko kwabo bai shiga aljihunsa ba, kuɗin kuma ai na gwamnati ne. Wannan na ƙarshen shi ne gurguwar hujja. Wani kaso na kuɗin daga albashin malamin firamare da masinja ake yanko shi duk wata. A 1985 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Jidda ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, ta halatta ta taimakon juna, don ita gudummawa ce da jama'a suka haɗa bisa sharaɗi sananne. Wanda ya karya sharaɗin a ɓoye, kyauta ya yi da kayan da aka ba shi ajiya. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta tsaya kan rubuta bashi, ta ɗora wa marubucin nauyin adalci. Takardar neman biya kuwa takardar bashi ce.

Ita kanta tsohuwar ba ta tsira ba. Fayil ɗinta zai bi ta, likitan da zai duba ta baɗi ya dogara da cutar da ba ta taɓa yi ba. Alƙaluman wata kuma su shiga rumbun DHIS2, inda masu tsara rabon magani ke dubawa.

Saura batun larura. Gaskiya ne tana sassauta hani, amma malamai sun ce sai an rasa wata ƙofa, ga ƙofofi kuwa a buɗe, ko da suna da wuyar turawa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, ta kuma hana asibiti juya wa mai neman agajin gaggawa baya. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003.

Ma'aikaci mai tausayi na gaske shi ne wanda ya rubuta lambar gaskiya, sannan ya tashi daga kujera ya raka ɗan tsohuwar ofishin walwala. Makarantun da ke ba da takardar shaidar wannan sana'a ya kamata su koyar da waɗannan hanyoyi tare da lambobin, attajiran Rano da Kibiya kuma su buɗe asusun marasa galihu a asibitocin garuruwansu.